Raƙumin Dawa da Masu Zuwa Kallo

Duk ɗan Arewa da ya saba hawa kar daga Dogon Dutsi zuwa Yamai ya san hanyar nan kamar yunwar cikinsa. Kore Mai Ruwa, Bolbol, Doso, a gangara Dallol Boso a Birnin Gaure, a sake hawa fako. Idan an kusa Kure, saura kamar kilomita 60 a shiga Yamai, akwai alluna a bakin kwalta masu hoton raƙumin dawa, ana jan kunnen direba ya rage wuta. Yawancin fasinjoji ba sa ko ɗaga labule. Wani na barci, wani na lissafin abin da zai tarar a asibiti ko a ma'aikata, har mota ta wuce.

A cikin wannan dajin na geza da sabara ne ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke rayuwa. Irin nasu, masu hasken fata da tabo ruwan ƙasa-ƙasa, ba su saura ko'ina a duniya ba sai a Nijar. An yi lokacin da mutum zai taso daga Faransa ko Jamus, ya biya jirgi da masauki, don kawai ya tsaya rabin yini a gonar wani Bazabarme yana kallonsu. Tarihin dabbar nan da na mutanen da suka riƙa zuwa wajenta, wasu da baka, wasu da igiya, wasu da kyamara, dogo ne ƙwarai, kuma wani ɓangarensa ya ratsa ta ƙofar gidanmu.

A Dabus, arewa da Agadas, akwai wani falalen dutse da aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikinsa. Babban ya haura mita 5, wato kusan tsawon dabbar kanta, kuma mai aikin ya bi tabon fatarsa ɗaya bayan ɗaya ya fitar. Masana suna ba wa sassaƙen shekara 6,000 zuwa 8,000. Daga bakin kowane raƙumi an ja wani zane kamar igiya, ya sauko ya tsaya a kan wani ɗan mutum. A zamanin ruwa mai yawa irin wancan, Sahara ciyawa ce da tafkuna, kuma kwaruruwan da muke kira dallol hanyoyin ruwa ne da ke gangarawa kogin Kwara. Namu Dallol Mauri, wanda ya ratso Matankari da Dutsi da Tibiri ya nufi ƙasar Gaya, tsohon kogi ne da ya ƙafe ya bar mana yashi mai kyau da ruwa kusa a ƙarƙashinsa. Shi ya sa rijiyar fadama ba ta da zurfi, shi ya sa kuma gawo ya yi gindi a cikinsa.

Daga dutse sai takarda. Ibnu Khaldun ya rubuta cewa a shekarar 1257 sarkin Kanem da Barno ya aika wa Sarki Al-Mustansir na Tunis kyauta, cikinta har da raƙumin dawa, kuma mutanen birnin suka fito ƙwansu da kwarkwata don su ga wannan halitta. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, wajen 1360, sarkin Mali ya aika wa Sarki Abu Salim na Fas irin wannan kyauta, nan ma aka yi cincirindo. A tuna fa, da ƙafa dabbar ta ƙetare hamada tare da ayari. Mu Arawa labarin kakanni ya ce daga Barno asalin sarautarmu ya fito, ta wajen Ari da ɗansa Akazama, don haka wannan al'ada ta yi wa sarki gaisuwa da raƙumin dawa ba baƙuwarmu ba ce. Ina so mai karatu ya riƙe ta a ransa, za mu sake gamuwa da ita.

Turawa sun ba irin namu suna a littafinsu a 1898, lokacin da wani masanin dabbobi na Landan, Oldfield Thomas, ya duba ƙasusuwan wani da aka harbe kusa da Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, ya kira shi peralta, wato mai tsananin tsawo. Lakwaja! Wannan kaɗai ya isa ya nuna faɗin ƙasar da dabbar ke yawo a cikinta. A farkon ƙarni na 20 ana samunta daga kogin Senegal har zuwa wajen Tafkin Chadi.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki shekara ɗari ba. Bindiga ta yi yawa a hannun mutane, farar hula da soja. Mota ta zo, abin da doki ke wuni yana kora sai a cim masa cikin minti kaɗan. Jama'a ta ƙaru, noman gyaɗa ya ci saura da daji, gatari ya bi itacen da dabbar ke ci. Aka wayi gari babu ita a Senegal, babu a Muritaniya, babu a Najeriya. A Nijar kanta ta ɓace daga ƙasar Gadabeji a arewacin Maraɗi a shekarun farin 1970. Garken da ya rage yana kai da komowa ne tsakanin Ayoru da iyakar Mali. Da fari ya sake tsananta a 1984, shekarar da mu a nan muke kira ta El-Buhari, sai suka yi abin da mutane suka yi: suka baro arewa, suka yi kudu neman abin sawa a baki. Suka tsaya a kan fakon Kure da kwarin Boboye, wato Dallol Boso, tsakiyar gonakin Zabarmawa da mashekarin Fulani. Wurin ba gandun daji ba ne, ba waya, ba shinge. Ƙasar noma ce mai garuruwa da kasuwanni, kuma mutanen wurin suka bar su.

Sashen da ya fi yi mini nauyin faɗa shi ne na 1996, domin a mulkin ɗanmu ya faru. Janar Ibrahim Bare Mainasara, wanda asalinsa Dumega ne a ƙasar Tibiri, a can kuma kabarinsa yake, Allah ya jiƙansa, ya karɓi mulki ranar 27 ga Janairun wannan shekara. Masu binciken da ke zaune a Kure a lokacin sun ba da labarin yadda aka tura soja su kamo raƙuman dawa don a yi wa shugabannin maƙwabta kyauta. Abin da sarkin Barno ya yi ne shekara ɗari bakwai da suka wuce, sai dai a zamanin sarkin Barno daji cike yake. Kuma raƙumin dawa ba ya jure kora. Zuciyarsa kullum cikin aikin ƙarfi take don ta tura jini sama ta wannan dogon wuya. Idan aka bi shi da mota har ya galabaita, ko aka yi masa allurar barci ya daɗe a kwance, sai ya tafi ke nan. Wajen goma suka mutu a wannan kamu. Da wata mai binciken halayyar dabbobi 'yar Faransa, Isabelle Ciofolo, ta ƙidaya su a shekarar, 49 ta samu. Garken shanun Bafulatani ɗaya ya fi su yawa. An ma sake gwadawa a 2002, aka kama biyu don shugaban Togo, ba wanda ya rayu a cikinsu.

Abin da aka jingina da shi don a cece su wata sana'a ce da kakanninmu ba su san ta ba: a kawo baƙo ya kalli dabba da ranta, ya biya, ya tafi ya bar ta. Mu abin da muka sani, naman daji na maharbi ne, ko kuma na iskoki ne a bar musu kayansu. Sana'ar kallo ta girma a wurare da dama, musamman Kenya da Tanganyika, amma inda tarihinta ya fi fitowa fili shi ne can ƙarshen duniya, a tekunan ƙanƙara, kuma ya kamata mu leƙa can don mu gane namu.

A ƙasashen sanyi akwai wani irin kwari da suke kira fiyod. Ƙanƙara ce ta haƙa shi tsakanin duwatsu cikin dubban shekaru, da ta narke sai teku ya shigo ya cika shi. Ɗan Arewa ya ɗauki Dallol Mauri, ya ninka tsayin duwatsun Dutsi sau da yawa, ya cika tsakiyar da ruwa mai sanyin da ke kashe mutum cikin mintoci, to ya kusa ganin hoton. A 1596 wani matuƙin jirgi ɗan Holan, Willem Barents, ya isa tsibirin Spitsbergen a can ƙuryar arewa. Waɗanda suka biyo sawunsa suka tarar da kwaruruwan nan cike da balen, manyan dabbobin teku masu siffar kifi amma suna shaƙar iska suna shayar da 'ya'yansu. Holandawa suka kafa sansanin soya kitse a 1619, suka sa masa suna Smeerenburg, wato garin kitse. Aka yi ta kisa har aka kusa share su daga wannan teku.

Da arewa ta ƙare aka juya kudu. A 1904 wani ɗan Norwe, Carl Anton Larsen, ya kafa masana'anta a Grytviken, cikin wani lungun ruwa a tsibirin Jojiya ta Kudu, a kan hanyar Antatika. Daga lokacin zuwa tsakiyar shekarun 1960 an feɗe balen fiye da 175,000 a wannan tsibiri kaɗai. Ga wani abin da ba a cika faɗa ba: kamfanonin sabulu da man girki na Turai da ke sayen man balen su ne kuma ke sayen gyaɗar Kano. Unilever ya kasance babban mai sayen man balen a shekarun 1930, kuma reshensa UAC na cikin manyan masu awon gyaɗa a ƙasar Hausa. Tukunya ɗaya ce ke cin tekun kudu tana cin dajinmu.

Sai a watan Janairun 1966 wani ɗan Suwidin mazaunin Amurka, Lars-Eric Lindblad, ya yi hayar jirgin sojan ruwan Ajantina mai suna Lapataia, ya kwashi mutum 57 ya kai su Antatika, ba su da aikin komai sai kallo. A 1969 ya sa aka ƙera masa nasa jirgin a Finlan, ƙarami mai ƙarfin ƙirji don ture ƙanƙara, aka sa masa Lindblad Explorer. Tsarin da ya kafa shi ake bi har yau. Jirgi ya tsaya a bakin kwari, a sauke ƙananan kwale-kwalen roba masu inji, a kai mutane gaɓa rukuni-rukuni tare da masani, su ga tsuntsun nan fengwin da ba ya tashi sama, su ga karnukan teku kwance a kan ƙanƙara, da dare kuma a yi musu lacca. Ra'ayin Lindblad shi ne wanda ya ga wuri da idonsa zai tsaya masa. A 1991 kamfanoni bakwai suka kafa ƙungiyar IAATO, suka ɗaure kansu da dokoki: kada mutum fiye da 100 su sauka wuri ɗaya a lokaci ɗaya, jagora ɗaya ga kowane mutum 20, jirgin da ya ɗauki fiye da 500 ba ya sauke kowa, kuma a bar tazarar mita 5 tsakanin mutum da fengwin. Tafiyar ba ta rasa haɗari. Jirgin nan Lindblad Explorer ya daki ƙanƙara ya nutse a watan Nuwamban 2007, Allah ya sa aka ceto dukan mutum 154 da ke ciki. Dabbobin kuwa, da aka daina kashe su, sun fara dawowa. Wani irin balen mai doro na kudancin Atlantika, da ya taɓa raguwa zuwa 'yan ɗaruruwa, yanzu ana ƙiyasta shi wajen 25,000. A Grytviken, tsakanin tankunan da suka yi tsatsa, karnukan teku ne ke barci.

Kure ta yi irin nata. Bayan ɓarnar 1996 aka kafa ƙungiyar ASGN ta kare raƙuman dawan Nijar, gwamnati ta yi dokar farauta ta 1998, matasan ƙauyukan suka zama jagorori da ƙungiyarsu da rumfarsu a bakin kwalta. Baƙo ya zo daga Yamai da safe, ya biya kuɗin shiga, jagora ya hau motarsa, wani lokaci har bisa rufinta, a kutsa cikin geza. Jagoran nan ya san inda garke ya kwana, ya san wanda ya haihu. Kowane raƙumin dawa tabon jikinsa daban yake da na ɗan'uwansa, don haka ƙidayar da ake yi da damina ta hoto ce: a ɗauki gefen dama, a ɗauki na hagu, a buɗe masa shafi a kundi. Ta haka aka bi su suna ƙaruwa, duk da cewa macen tana ɗaukar ciki wata 15 ta haifi ɗa guda. Wajen 2012 sun haura 350. A 2017 aka ƙidaya 607. A duk Afirka da wuya a nuna babbar dabbar da ta farfaɗo haka.

Amma a nan ne Kure da Antatika suka raba hanya, kuma nan ne nake ganin ba a yi wa tarihin adalci ba. A Antatika ba mai gona. Ba a taɓa jin fengwin ya ci wa wani amfanin shekara ba. Dokar mita 5 ba ta cire wa kowa komai daga rumbu. A Kure kuwa dabbar cikin gona take. Da damina tana kan fako tana cin ganyen geza da ƙirya da dangin ƙaya. Idan kaka ta yi, ganyen tudu ya bushe, sai ta gangaro kwari wajen Harikanasu, domin gawo shi ne itacen da ke yin ganye da rani ya kaɗe da damina. A kan hanyarta akwai wake. Hatsi bai dame ta ba, amma wake da harawa, ko a gona ko an ɗora su bisa itace ko rumfa don akuya ta kasa kai, ita wuyanta ya kai. Mangwaron lambu ma haka. Manomin da ya kwana yana lissafin buhun waken da zai sayar ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, ya wayi gari ya ga sawun kofato kamar faranti, kuma doka ta hana shi ko jifa mai rauni. Wanda ya taɓa noma wake a jigawar Arewa ya san abin da wannan ke nufi, domin mu ma shi ne kuɗinmu.

Ƙungiyoyi sun yi ƙoƙari. An haƙa rijiyoyi, an ba mata bashin jari, an raba irin shuka da dashen itace. Amma kuɗin baƙi bai taɓa kai yawan da zai biya kowane kwandon wake ba, kuma yawancinsa a bakin kwalta yake tsayawa. Idan aka tambaye ni wa ya ceci raƙumin dawan Nijar, zan ambaci masu bincike da ma'aikatan gandun daji da jagorori, kowa da haƙƙinsa. Sai dai kafin su duka zan sa talakan Boboye da fakon Kure, wanda ya yi shekara talatin yana ciyar da dabbar da ba tasa ba, ba ya nononta, ba ya hawanta, ba ya cin namanta. A lokaci guda kuma motocin itace suna kwashe dajin fako zuwa murhun Yamai, abin da ke ƙara tura dabbar cikin gona.

Da garken ya yi yawa sai aka ga hatsarin tara ƙwai duka a kwando ɗaya: annoba guda na iya share su. A watan Nuwamban 2018 gwamnati, tare da ƙungiyoyin waje masu kula da raƙuman dawa da namun Sahara, ta kama takwas daga yankin Kure. Wannan karon likitocin dabbobi ne suka yi aikin. Ana harba allura, dabba na faɗuwa a ba ta makari nan take, a rufe mata ido, a ja ta da igiyoyi zuwa mota. Aka tsare su makonni a shinge har suka saba, sannan aka yi tafiyar kilomita wajen 800 da su a tsaye cikin babbar mota zuwa Gadabeji, inda rabon da a ga irinsu an kusa shekara 50. Duka takwas suka isa da rai. A 2022 aka ƙara huɗu, kuma sun fara haihuwa a can, tsakanin Fulani da Buzaye makiyaya waɗanda tsofaffinsu kaɗai suka tuna dabbar.

Ranar Lahadi 9 ga Agustan 2020, 'yan bindiga a kan babura suka tare wata mota a dajin Kure. Suka kashe Faransawa shida ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED da suka fito kallo ranar hutunsu, da direbansu ɗan Nijar, da jagoransu, wanda shi ne shugaban ƙungiyar jagororin wurin. Ƙungiyar IS ta ce ita ta yi. Aka rufe yankin ga baƙi, Faransa ta shafa wa kusan dukan taswirar Nijar jan fenti. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna koyon tabon kowace dabba suka koma gona da ci-rani.

A wannan shekarar ce kuma korona ta ɗaure jiragen kallo a tasoshinsu, kakar 2020 zuwa 2021 kusan ba wanda ya je Antatika. Su nasu ya wuce. A kakar 2023 zuwa 2024 mutum fiye da 120,000 suka je, kowanne ya biya abin da ya kai miliyoyin sefa, har masana sun fara kukan cewa sawun ya yi yawa, ga hayaƙin jirage yana sauka a kan ƙanƙarar da ake zuwa gani. Kure kuwa, wadda ɗan Dutsi ke wucewa ta gabanta da kuɗin mota kawai, baƙin nesa ba su dawo mata ba.

Ni abin da ke damuna shi ne tun farko mun bar kallon ga baƙo. Na ga 'yan lakwal a Dutsi da Tibiri suna zana raƙumin dawa daga littafi, alhali na gaske yana nan tafiyar sa'o'i kaɗan, a kan hanyar da iyayensu ke bi kowane wata. Da makarantunmu da ma'aikatanmu da 'yan kasuwarmu sun saba tsayawa a rumfar nan ta bakin kwalta, da ranar da Bature ya daina zuwa jagora bai rasa abin kai wa gida gaba ɗaya ba.

Su dai raƙuman ba su tsaya jiran kowa ba. Da suka ƙaru sun bazu, ana ganinsu arewa wajen Fandu da Dingazi da Simiri, ana ganinsu ta ɓangaren Loga, wadda ita ce maƙwabciyarmu ta yamma. Tsakanin Loga da Dallol Mauri fako ne irin wanda suka sani, geza da sabara da anza. A ƙasansa kuma ga kwarinmu, gawo jere tun daga Matankari har Dumega, yana fitar da sabon ganye a daidai watan da ake ɗaure harawa a ɗora bisa itace.